Baƙunci a Bakin Gadon Mara Lafiya: Daga Dawanau Zuwa Asibitocin Bakin Kogin Nilu

Duk wanda ya fita daga Kano ta hanyar Katsina, ya wuce Kurna da Rijiyar Lemo da Mil Tara, tun kafin idonsa ya hango Dawanau hancinsa zai sanar da shi ya iso, domin ƙurar hatsi da ƙamshin citta da hayaƙin manyan motoci su ne suke fara tarbar baƙo a wannan gari na ƙasar Dawakin Tofa. Abu biyu ne suka kai sunan Dawanau nesa. Na farko kasuwar hatsi, wadda ta kafu a tsakiyar shekarun 1980, ta bunƙasa har ana lissafa ta a sahun gaba cikin kasuwannin abinci na Afirka ta Yamma, inda gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo suke kwana a buhu kafin su kama hanyar Nijar da Chadi da Kamaru da bakin teku. Na biyu asibitin masu taɓin hankali, wanda ya daɗe a hannun gwamnatin jiha kafin ya koma hannun ta tarayya, wanda kuma sunansa ya zauna a bakin Kanawa har akan ce da wanda ya saki magana ba kan hanya ba, sai an kai shi Dawanau.

A bayan kasuwar da asibitin kuwa gonaki ne manne da juna, daga Tumfafi zuwa Kwa zuwa cikin Dawakin Tofa, ƙasar da kaka da kakanni suka noma kowace damina ba hutu, suna rayar da ita da takin awaki da tumaki da toka da sharar birni, a ƙarƙashin gawo da ɗorawa da kuka. Rabon gado ya yi ta yanka gonakin nan har kason mutum ɗaya ba ya ciyar da gida shekara, saboda haka magidanta suka daɗe da sanin cewa ƙasa ba za ta ɗauki 'ya'yansu duka ba: wani ya shiga kasuwa dako ko awo ko dillanci, wani ya tafi ci-rani, wani kuwa a sallama shi ga karatu. Cikin waɗanda ƙasar Kano ta sallama ga karatu akwai waɗanda rabo ya kai su koyon likitanci da jinya da ungozomanci a wata ƙasa, kuma a kan zamansu can, musamman shekarun da suke yi cikin asibiti suna sanin makamar aiki, nake so in yi bayani, domin ina ganin akwai wani darasi a wannan zama da ba a rubuta shi a takardar shaidar da suke komowa da ita, alhali kuwa shi ne mafi tsada cikin guzurinsu.

Tsohuwar hanyar gabas

Ba yau Bahaushe ya fara fuskantar gabas da littafi a gafaka ba. Mahajjatan dauri ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan suke bi zuwa bakin Bahar Maliya, suna yada zango suna noma suna neman guzuri, tafiyar da kan ci shekaru, har waɗansu su yi aure a hanya su haifi 'ya'yan da ba su taɓa ganin badalar Kano ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har gobe ake kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira kuwa, sai mutanenmu suka ƙaru a can ƙwarai. Ilmi ma ya bi wannan hanya ta fuska biyu, gama a 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, shehunnai daga Sudan ne suka zo suka koyar a makarantar shari'a da aka buɗe a Kano, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, sa'an nan a shekarun 1950 aka aika samarin malamai zuwa kwalejin Bakhtur-Ruda, cikinsu har da Malam Abubakar Mahmud Gumi.

Abin da ya sabunta a zamaninmu shi ne fannin da ake nema. Sudan ta riga mu shiga harkar ɗibbu na zamani, don tun 1921 aka buɗe makarantar ungozoma a Umdurman, aka kuma buɗe makarantar likitoci a Hartum a 1924, alhali asibitin koyarwa na Aminu Kano sai a 1988 aka kafa shi. Gurbin karatun likita a jami'o'inmu kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai, ga yajin aikin malamai da kan tsayar da karatu, irin na 2022 da ya ci wata takwas. Sudan kuwa ƙasar Musulmi ce, kuɗin karatunta da sauƙi in an gwada da na Turai, kuma kafin yaƙin da ya ɓarke can a 2023 uba yana iya aika 'yarsa can ya kwanta ya yi barci. Don haka iyaye masu hali suka aika nasu, gwamnatocin jihohin Arewa suka aika nasu, kamar yadda gwamnatin Kano ta yi tsakanin 2011 da 2015, zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, lokacin da ta tura ɗalibai, da yawansu mata, zuwa jami'o'i irin su Ar-Razi a Hartum da Mansura a Masar. Dalilin fifita mata a fili yake ga duk wanda ya taɓa ganin macen da ta gwammace ta kwana tana naƙuda a ɗaka da a ce namiji ne zai duba ta.

Ranar farko a ambar

Shekarun farko na karatun likita a aji da ɗakin gwaje-gwaje ake yin su, kuma baƙo ba ya jin baƙuncinsa sosai, domin littafin da yake karantawa shi ne ake karantawa a Kano da Zariya, da Ingilishi aka rubuta shi, ƙashin ɗan Adam kuwa adadinsa ɗaya ne a ko'ina. Sai an kai shekarun asibiti al'amari yake canjawa. A nan ake raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi makonni a sashen yara, ya koma na mata da haihuwa, ya koma tiyata, ya koma cututtukan manya, ya koma na ƙwaƙwalwa, kowa riƙe da littafin da malami zai sa wa hannu a kan abin da ya gani da abin da ya yi. Wannan tsari yana da asali a wurinmu, gama masu tarihi sun ruwaito cewa Abubakar ar-Razi, wanda ya shugabanci asibitin Bagadaza, wanda kuma ya bambance agana da ƙyanda a rubuce, almajiransa sahu-sahu suke zama, mara lafiya ya fara da na baya, in sun kasa ya matsa gaba, har ya kai ga shehin. Haka ɗalibi yake tsayawa yau a ƙarshen sahu lokacin zagayen safe, wanda Sudaniyawa suke kira murur, a bayan babban likita da mataimakansa da likitocin imtiyaz, wato masu shekarar gwaji.

Ɗan ƙasar Kano yakan shiga ɗakin marasa lafiya, wanda can ake kira ambar, yana da yaƙinin ya iya Larabci, tun da ya sauke Alƙur'ani, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, wataƙila ma ya taɓa Ajuruma. Sai a tura shi bakin gadon wata tsohuwa a ce ya ɗauki tarihin ciwonta, ya yi sallama da fasaha, ya jero tambaya da i'irabinta cikakke, tsohuwa ta dube shi da tausayi ta amsa da darijiyya, harshen kasuwa da gida, inda ruwa yake moya, mutum yake zol, mara lafiya yake ayyan, mene ne yake shinu, ina ne yake wen. A wannan sa'a yake gane cewa harsuna uku ne suke aiki a kansa lokaci guda: da darijiyya zai ji, da Hausa zai yi tunani, da Ingilishi zai rubuta ya kuma ba malami labari, ga 'yan ajinsa 'yan ƙasa sun gama nasu suna jiransa. Yakan ɗauki watanni yana rubuta kalmomi a bayan littafi, yana tambayar masu shara da masu gadi da matan da ke sayar da shayi a ƙofar asibiti, kafin kunnensa ya buɗe.

Ko kunne ya buɗe da saura, domin kowace al'umma tana da hanyar da take bayyana ciwo, wadda ƙamus ba ya ɗauka. A gida in mace ta ce sanyi ke damunta, ko uwa ta ce yaronta shawara ce ko haƙori ne, ko mai ciki ta ce zaƙi ne ya taru mata, ɗalibin nan ya san abin da ke ƙarƙashin maganar ba tare da kowa ya koya masa ba, don a cikinta ya tashi. Can kuwa sai ya tarar da irin waɗannan kalmomi na mutanen ƙasar, ya ji lafazinsu sarai amma ma'anarsu ta ɓuya masa, ya tsaya a gaban mai ciwo yana jin nauyin jahilcinsa. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma wannan makanta ita ce darasin da na ambata da fari, domin irinta ce take kama dattijon ƙauye ran da ya shiga babban asibiti a Kano, ya ga ƙofofi barkatai da rubutun da ba ya iya karantawa, ya ji ana tattauna ciwonsa a kansa da harshen da ba ya ji. Ɗalibin da bai taɓa barin gida ba labarin wannan hali yake ji, wanda ya yi baƙunci a ambar kuwa ya ɗanɗana shi, kuma gani ya kori ji.

Wata rana kuma Allah yakan juya al'amarin, a kawo mara lafiya daga ƙauyukan Jazira ko Gadarif ko Damazin, a ji yana nishi yana kiran uwarsa da Hausa. Nan take ɗalibin da ke ƙarshen sahu ya zama tafinta, ya durƙusa ya ce, sannu Baba, ina ne ke maka ciwo, dattijo ya buɗe ido ya tambaye shi ɗan wane gari ne, da wata Hausa mai tsofaffin kalmomi da aka daina ji a Kano. Waɗannan jikokin mahajjata da muhajirai ne, 'yan Sudan haihuwa da tashi, waɗanda duk da haka zamansu bai rasa ƙaya ba, kamar yadda rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022 ya nuna, inda aka yi asarar rayuka masu yawa a kan batun ƙasa da sarauta.

Cututtukan manomi

Yawancin abin da ke cika gadaje a can ɗalibinmu ya san shi tun a gida: zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, amai da gudawa, tamowa, hawan jini, ciwon suga. Ya san kuma mai jinya, wanda suke kira murafiƙ, da ke shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ya sayo magani a waje, ya nemo wanda zai ba da jini. Amma akwai waɗanda sai can yake fara ganinsu da sunansu. Akwai kala-azar na ƙasar Gadarif, wanda wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo yake yaɗawa, mai kawo doguwar masassara da kumburin saifa da rama, wanda maganinsa allurai ne na kwana 17. Akwai kuma ciwon da suke kira nabit, Turawa su ce maisitoma, wanda ƙwayarsa take cikin ƙasa, ta shiga ƙafar manomi ko makiyayi ta hanyar sukar ƙaya, ta yi kumburi marar zafi da mutum zai raina shekara da shekaru, har ya ɓule yana fitar da ruwa da ƙananan tsaba, har ya ci ƙashi a rasa abin yi sai yanke ƙafa. A 1991 Farfesa Ahmad Hasan Fahal ya kafa cibiyar binciken wannan ciwo a asibitin Soba na Hartum, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Yankin da ciwon yake ya ratsa Sahel tun daga Senegal, saboda haka ɗan manomin da ya koyi gane shi a Soba yana iya ceton ƙafar wani mai huɗa ba takalmi a ƙasarmu.

Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, ta yi suna a duniya da cewa tana fitar da ɗalibanta na likitanci zuwa ƙauyuka, su zauna da mutane, su ƙirga gidaje, su duba rijiya da masai, su gano abin da ke kawo ciwo tun kafin ya kai mutum gado. A magudanan ruwan Jazira ɗalibi yake ganin dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, ya ga yara suna wanka suna fitsarin jini, ya tuna cewa abin da ke faruwa ke nan a Kura da Kadawa, inda ruwan Tiga yake shayar da shinkafa da tumatir. A asibitin haihuwa na Umdurman kuwa, wanda mutanen gari suke kira Dayat, ɗaliba takan kwana a tsaye a aikin dare, wanda suke ce wa nabatshiyya, ta koyi gane jijjiga tun kafin ta kayar da mai ciki, ta koyi tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ta kuma ga wahalar da kaciyar mata mai tsanani take jawowa ran haihuwa, al'adar da dokar Sudan ta haramta a 2020. In ta kasance mai insafi, ganin aibin al'adar wasu yakan tuna mata da namu, da yankan gishiri da doguwar naƙuda a gida da yoyon fitsarin da ke biyo baya.

A nan ne kuma ake jarraba amanar ɗalibi. Asibitin da ma'aikata suka yi ƙaranci yakan miƙa wa ɗalibi aikin da ya fi ƙarfinsa, talaka kuwa duk mai farar riga likita ne a wurinsa, ba zai tambayi shekara nawa ya yi a makaranta ba. Malaman fiƙihu sun hukunta tuntuni cewa wanda ya yi wa mutum magani ba da sani ba, ya cutar da shi, to lamuni yana wuyansa, kuma Imamu Maliku, duk da zurfin ilminsa, ya shahara da yawan cewa bai sani ba. Wajibi ne ɗalibi ya koyi faɗin wannan kalma da kiran na gaba da shi, ya nemi izini kafin ya taɓa jikin mutum, ya suturta al'aura, ya kuma kame hannunsa daga ɗaukar hoton mara lafiya ya sa a Facebook ko WhatsApp don 'yan gida su ga ya zama likita, domin sirrin mai ciwo amana ne ko a wace ƙasa gadonsa yake.

Bayan an tuɓe farar riga

Zaman baƙunci yana da nasa karatun. Mako a Sudan ran Lahadi yake farawa, Juma'a da Asabar hutu. Zafin watan Mayu yakan haura digiri 40, ga habub, guguwar ƙura da kan taso kamar bango ta rufe gari. Da hantsi ake karya kumallo da ful, wato dafaffen wake da man riɗi da burodi, wanda ɗan Kano yakan ci da haƙuri kafin ya ci da marmari. Amma in ya lura sai ya ga kasuwar Dawanau ce ta biyo shi da waɗansu sunaye: kisra da asida daga dawa ake yin su, waika busasshiyar kuɓewa ce, karkade zoɓo ne, aradeb tsamiya ce, gwangwales 'ya'yan kuka ne. Abin da ba ya samu shi ne daddawa da yajin gida da ƙuli-ƙuli, su ne saƙon da uwa take ƙullawa ta ba duk mai tafiya. In azumi ya zo kuwa, yakan ga karimcin da ba ya mantawa, don mutanen ƙasar a bakin titi suke shimfiɗa su fito da abin buɗa baki, a hanyar Madani har tare motoci suke yi su sauke matafiya dole su sha ruwa, su miƙo musu hilu-mur, abin shan da ba a raba shi da Ramadan a can.

Ɗacin zaman ya fi zuwa ta wajen kuɗi. Kuɗin makaranta da dala ake lissafa shi, naira tana faɗuwa, kuɗin ƙasar ma yana faɗuwa, ga sabunta iƙama, ga haya, ga kuɗin mota zuwa asibitin da aka tura mutum. Wanda hukuma ta ɗauki nauyinsa yakan zauna jiran alawus, wanda iyayensa suka ɗauka kuwa ya san cewa kowane saƙo da ya iso buhun wake ne ko riɗi da aka fitar daga rumbu, ko sa da aka kai kasuwa kafin ya gama ƙiba. Sa'an nan ga siyasar ƙasar da ba tasa ba amma take juya rayuwarsa: zanga-zangar da ta tashi a Disamban 2018 a kan tsadar burodi, wadda ta kai ga sauke Umar al-Bashir ran 11 ga Afrilu, 2019, ta sa an rufe jami'o'i watanni, shekarar karatu ta zube.

Darasin Tijani al-Mahi

Ga wanda ya fito daga Dawanau, makonnin sashen ƙwaƙwalwa suna da wani nauyi na daban. Babban asibitin wannan fanni a Umdurman sunan Dakta Tijani al-Mahi yake ɗauke da shi, mutumin da aka haifa a 1911 ya rasu a 1970, wanda ya samo ƙwarewa a Ingila a 1949, ake kuma ɗaukarsa uban wannan ilmi a Sudan. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne bai raina shehunnan da mutane suke kai wa marasa lafiyarsu a tsangayu, waɗanda can ake kira masid, ba. Ya ziyarce su, ya saurare su, ya nemi su riƙa turo masa waɗanda ciwonsu na magani ne, domin ya gane cewa iyali wurin wanda suka amince da shi suke fara zuwa. A Nijeriya ma Farfesa Adeoye Lambo ya bi makamanciyar hanya a Aro ta Abekuta daga 1954, inda ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu.

Halinmu bai bambanta ba. Kafin a kai mutum Dawanau an riga an yi rubutu da turare da ruƙiyya, wani lokaci an kai shi gidan mari, irin waɗanda aka bankaɗo a Kaduna da Katsina a 2019 aka tarar da mutane cikin sarƙa. Mai farfaɗiya ana gudun yawunsa, mai jegon da hankalinta ya gushe a ce iska ce, saurayin da kodin da tiramol suka lalata a ce asiri aka yi masa. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta zuwa zaure ta zauna da liman da mai unguwa ta yi musu bayani. Wannan aikin mutum ne, kuma wanda ya fi cancanta da shi shi ne wanda ya san ƙimar addu'a ya kuma san ƙimar ƙwaya, ya iya ce wa uba, Baba, a ci gaba da addu'a, amma a kwance masa marin nan, a ba shi maganin nan safe da dare.

Ranar da aka bar littafi a ɗaki

Ran Asabar, 15 ga Afrilu, 2023, cikin goman ƙarshe na Ramadan, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun Muhammad Hamdan Dagalo. Asibitocin da ɗalibanmu suke koyon aiki waɗansu aka yi musu ruwan wuta, waɗansu aka mamaye su, waɗansu suka rufe don babu ruwa babu lantarki. Ɗalibai suka yi sallar Idi a ɓoye cikin ɗakuna, sa'an nan aka kwashe su a manyan motoci, waɗansu ta sahara zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki a zube kafin a bar su su wuce Aswan, waɗansu ta Fot Sudan. Ran 3 ga Mayu rukunin farko ya sauka a Abuja. A ƙauyukan ƙasar Kano iyaye sun yi waɗannan kwanaki da waya a hannu da carbi a ɗaya hannun. 'Ya'yan sun komo da ransu, alhamdu lillahi, amma da yawa sun baro takardunsu da littafin sa hannun malamai, shaidar shekarun da suka yi a bakin gadaje, har wanda saura masa watanni ya gama ya shiga neman makarantar da za ta karɓe shi ba tare da ta mayar da shi baya ba. Sun baro kuma malamansu da abokansu da marasa lafiyar da ba su da jirgin da zai zo ɗaukarsu, kuma haƙƙi ne a kanmu mu riƙa sa mutanen Sudan a addu'a, don sun koyar da 'ya'yanmu a kan jikin 'ya'yansu.

Komowa

Wanda ya gama a waje ba ya taɓa mara lafiya a Nijeriya sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, ko ta hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma, sa'an nan likita ya yi shekarar gwaji a asibitin da aka yarda da shi. Wannan daidai ne, domin rai ba abin wasa ba ne. Abin da ya rage shi ne masu aikawa su kyautata aikawa: a binciki makaranta a tabbata tana da asibitin da ɗalibi zai taɓa mara lafiya da hannunsa, a koya wa yara harshen marasa lafiyar ƙasar tun kafin su shiga ambar, a biya kuɗi a kan kari, a riƙa ajiye kwafin sakamakonsu a gida kowace shekara, a kuma buɗe musu ƙofar asibitocinmu lokacin hutu, su yi makonni a Murtala ko Bichi ko Dawanau, don kada su komo baƙi a garinsu.

Malamanmu sun sa ilmin ɗibbu cikin farillan kifaya, wanda in wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi talifi a kan ciwon ido da basir don amfanin jama'arsa. Ban ga laifin wanda albashin Saudiyya ko Ingila ya ja shi ba, don shi ma yana da iyaye da ƙanne, amma ina roƙon ya tuna buhun da aka fitar daga rumbu dominsa. Gobe da safe, kamar kowace safiya, wani dattijo zai sauka daga mota a ƙofar asibitin Dawanau, daga Tumfafi ko Marke ko wani ƙauyen da ya fi su nisa, riƙe da hannun ɗansa da ya kwana uku bai runtsa ba, a miƙa masa katin da ba zai iya karantawa ba, ya tsaya yana waige-waige bai san ƙofar da zai nufa ba. Ina fatan wanda zai tarbe shi ya zama mutumin da ya taɓa tsayawa haka a Umdurman, bakinsa ya ɗaure a gaban wata tsohuwa, domin shi ne zai taso daga kujera, ya gaishe shi da ladabi, ya ba shi wuri, ya ce, Baba, zauna ka huta, ka faɗa mini tun daga farko. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da Sudan, ya komo mana da 'ya'yanmu da ilmi mai amfani.